Gwiwar Baba Tanko

Jiya ina zaune a bakin shago na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai wanki da guga ba sana'a ba ce, aikin gida ne aka fito da shi bakin titi. Ban tanka ba, don a lokacin bakina cike yake da goro. Yau na tofar, sai ku matso. Ku da kuke zuba kaya a inji ku danna maɓalli ku koma kan waya, kuma wayar ce za ta gaya muku ko za a yi ruwa, dole ku raina aikin. Ni na koye shi a nan Suleja lokacin da injinmu hannu ne, abin busar da kayanmu kuma rana. A zamanin mai wanki da sama yake aiki kafin sabulu. In ba ka san abin da hadari yake shirin yi ba, ko ka fi kowa iya cuɗa, kayan mutane za ka lalata.

Na shiga sana'ar a makare. Ina da mata, Hajara, ina da 'ya ɗaya, Asabe, ga gemu har ya fara neman mataji. Leburanci nake yi a gine-ginen Abuja, bayana ya ce ya gaji, na dawo gida. Lokacin ba a daɗe da taso gwamnati daga Legas ba, ma'aikata sun cika Suleja maƙil saboda ba su sami wurin kwana a Abuja ba, kuma kowannensu yana so ranar Litinin ya shiga mota da farar shat mai kari kamar bakin wuƙa. Surukina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Tanko, tsohon mai wanki da ke da rumfa a gangaren rafin Iku, daidai bakin hanyar da motocin ƙauye suke bi su shiga kasuwa. Tun daga ranar sunana ya ɓace. Ni Isiyaku, mai shekara kusan talatin, na koma yaron Baba Tanko. Yara 'yan shekara bakwai su leƙo rumfa su juya su ce, "Mai wankin ba ya nan, sai yaronsa." Abin yana ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Aikin farko da Baba ya ba ni hankici ne, fari, na wani malamin makaranta. Ya ce in goge. Na ce a raina, ni da na ɗauki buhun siminti, yau hankici ake gwada ni da shi. Na zuba gawayi a dutsen guga, na fifita har ya yi jajir, na ɗora. Da na ɗaga sai ga hoton dutsen gugar ya fito raɗau a kan hankicin, har da hancinsa. Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓa ya kafe shi da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa, daidai inda nake tsayawa, ya zauna a wurin shekara uku yana kallona.

Daga nan na fara sanin kayan aiki. Gawayin ƙirya muke saye, don yana daɗewa kuma ba ya tartsatsi. Zafin dutse ba a jin sa da hannu, kusa da kunci ake kawo shi. Ana shafa masa ɗan kyandir a ƙasa don ya yi santsi. Sitaci daga rogo muke dama shi, in ya yi kauri riga ta tsaya da kanta kamar mai ita yana ciki, in ya yi ruwa kuma ka yi asarar wahala. Bula ɗan kaɗan ake sawa, farin kaya ya yi haske, in hannunka ya zarce ka mayar da liman ɗan sanda. Ruwan yayyafi kuma da baki muke fesa shi, ka guntsa ka hura ya fita kamar raɓa. Na iya wannan da wuri, har na fara taƙama, sai ranar da na manta na guntsa da bakin goro na fesa wa farar rigar wani alhaji. Wannan rigar ba ta shiga jikin ginshiƙi ba, amma kwana biyu na yi ina bin ɗigon ja ɗaya bayan ɗaya da lemun tsami.

Dutsen gugar Baba uku ne. Biyu baƙin ƙarfe, su muke taɓawa. Na ukun na tagulla ne, mai nauyi, da ɗan zakara a kan murfi wanda shi ne makullinsa. Zakara muke ce masa. Ba mai ɗaukar sa sai Baba, kuma ya ce duk wanda ya yaye, da shi zai yaye shi, don ya tsufa, yaye ɗaya ya rage masa. Amma da sharaɗi.

"Daga ruwan farko zuwa ranar da na ce damina ta tafi," in ji shi, "kada ɗigo ɗaya ya taɓa kayan mutane a shanya. Ɗigo ɗaya, ka ƙara shekara."

Shekarar farko safa ce ta kayar da ni, ƙafa ɗaya, ta Mista Bitrus. Shi akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, mutumin Filato, kuma babban mai kawo mana kaya. Na kwashe komai na bar ta a ƙarshen igiya tana lilo. Shekara ta biyu iska ta ɗauki ɗankwalin wata mata ta ɗora a kan kwanon rumfa ban gani ba. Na ce, "Baba, ai ba a kan igiya yake ba." Ya ce, "In kaya suna kansa, kwano ma igiya ne."

Shi kuwa Baba ruwa bai taɓa shammatar sa ba, kuma duk unguwa an san dalili. Gwiwarsa ce. Sauran masu wanki suna kallon Dutsen Zuma ko ya sa hular gajimare, wasu suna kallon tururuwa, wasu tsattsewa. Shi ko ɗaga kai ba ya yi. Yana zaune a kujerarsa, rana tana ƙwallewa, sai ka ga ya kama gwiwa ya yamutsa fuska ya ce, "Wash! Isiyaku, kwashe." Kafin awa ɗaya ko biyu gabas ta yi baƙi ƙirin. Mata masu shanya barkono suna aiko a tambayi lafiyar gwiwa. Magina suna biyowa kafin su kwaɓa siminti. Har masu biki suna zuwa, su gaishe shi su gaida gwiwa daban. Ni kaina na yarda da ita ɗari bisa ɗari, har nakan matsa tawa a ɓoye ko za ta ce wani abu.

Hajara ce ta fara huda maganar, wajen ƙarshen damina ta biyu. Takan kawo mana abincin rana. Ran nan da na koma gida ta ce, "Baban Asabe, wai gwiwar Baba wacce ce mai ciwon? Shekaranjiya ta dama ya riƙe, yau kuma ta hagu."

Na ce ta kiyayi bakinta da manya. Amma washegari na fara lura. Abu na farko da na gani shi ne kujerar Baba ba ta taɓa fuskantar gabas ba, titi take fuskanta. Na biyu, gwiwa ba ta magana sai sau biyu a rana, da hantsi da bayan azahar. A waɗannan lokutan kuwa abu ɗaya ne yake wucewa ta gabanmu, wata tsohuwar akori-kura mai ɗauko mata manoma da doya da hatsi daga Garam. Direbanta Yohanna ne, mutum mai fara'a da ƙiwuya. Wata rana kayan a buɗe, wata rana an lulluɓe su da koren tamfol. Duk ranar da tamfol ya wuce a ɗaure, sai gwiwa ta motsa.

Na jira har Yohanna ya kawo rigarsa ta coci, na tambaye shi kamar da wasa me ya sa yake wahalar da kansa da tamfol rana tsaka.

"Ni?" in ji shi. "Malam Isiyaku, in don ni ne tamfol ɗin nan ya ruɓe a naɗe. Matan nan ne. In sun kalli bayan duwatsunsu suka ga abin da ba su yarda da shi ba, ba na tashi sai na ɗaure. In na ƙi su sauke kayansu. Kuma ba su taɓa kuskure ba, abin haushin ke nan."

Garam tana gabas da mu, ruwanmu kuma daga gabas yake tasowa. Ashe gwiwar da duk Suleja take gaisarwa, idon matan Garam ce. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ban gaya wa kowa ba sai Hajara, na kuma ci gaba da yi wa gwiwa sannu kullum da safe.

Shekara ta uku ita ce wadda nake so ku ji, don ban taɓa ganin damina irinta ba. Tun da bazara Baba ya sanar da ni cewa bana gwiwarsa ta yi ritaya, ba zai ce mini kwashe ba, ba zai ce shanya ba. Na ce Allah ya ba ta lafiya. A raina kuwa na ce tafi hutunki, na san gidanku.

Bazarar ta zo da zafin da kuka sani, wanda kwano yake ƙara da kansa da tsakar rana. Ku kuna zaton lokacin ne mai wanki yake hutawa. Ina! Rafi ya janye ya bar mana 'yan kududdufai, mu da masu shanu muna harara. Kaya suna bushewa kafin ka kai ƙarshen igiya, su ƙandare, ka yi ta fesa ruwa har muƙamuƙinka ya gaji. Masu launi sai an juya cikinsu waje, in ba haka ba rana ta sha kalar. A wannan zafin kake tsaye kan gawayi, gumi yana bin hancinka, kuma in ɗigonsa ya faɗa kan farar riga sai an sake wanki.

Ruwan farko ya sauka wajen ƙarshen Maris, da iska mai ɗauke kwano. Yohanna ya wuce da tamfol bayan azahar, na kwashe komai tsaf, har na hau na leƙa kan rumfa saboda ɗankwalin bara. Baba yana kallona ta wutsiyar ido, hannunsa yana ƙaiƙayin zuwa gwiwa yana hana shi. Bayan ruwan rafi ya koma ja kamar kunun kanwa, kwana uku ba mai sa farin kaya a ciki. Sai mu ɗebo a baho mu jefa alif, laka ta kwanta, mu tsiyaye na sama. Daga nan har Yuli abin ya tafi mini daidai. Ruwan waɗannan watannin mai mutunci ne, yana sallama kafin ya shigo, ya yi abin da zai yi ya tafi, rana ta fito ta wanke fuska. Masu wanki na gangare suka fara cewa yaron Baba Tanko ya gaji gwiwa.

Sai Agusta ta kawo marka. Marka ba ta tsawa, ba ta iska, ba ta sallama. Yayyafi ne siriri da zai fara tun safe, ya tsaya kamar ya haƙura, ka fito da kaya, ya dawo. Tamfol ɗin Yohanna ya zauna a ɗaure sati da sati, ya daina gaya mini komai. A shekarar mun yi kwana tara ba mu ga ƙwayar rana ba. Akwai ranar da na shanya na kwashe sau goma sha ɗaya, ina gudu da kaya a ka kamar ɓarawo. Jiƙaƙƙen kaya kuwa ba sa jira. Kwana biyu sitaci ya yi tsami, kwana uku funfuna ta fito, baƙaƙen ɗigo da ba sabulun da yake fitar da su. Na ɗaura igiya a cikin rumfa, ta cika. Na ɗaura a ɗakinmu. Surukina ya zo duba Asabe, ya yi sallama ya ɗaga labule, wandon wani ɗan sanda ya shafe shi a fuska. Ya daɗe yana kallon wandunan maza goma sha a ɗakin 'yarsa, sannan ya ce, "To, Allah ya yaye." Har yau ban san wanne yaye yake nufi ba.

Shat biyar na Mista Bitrus su suka fi tayar mini da hankali a satin. Ranar Asabar ce, suna ɗiga, Litinin kuma zai sa. Akwai gidan burodi a bayan layinmu, bangon tandarsu kullum da ɗumi. Na roƙi mai gidan ya bar ni na ɗaura igiya a rumfar da ke jikin bangon. Kafin la'asar sun bushe ƙayau. Na goge, na kai, ina jin kaina gwani. Ranar Talata sai ga Mista Bitrus a bakin rumfa da lema.

"Isiyaku, abeg, wane irin sitaci ka sa wa rigan nan?"

Na ce, "Na kullum ne, ranka ya daɗe. Ta ɓaci ne?"

"Bai ɓaci ba. Amma tun daga Suleja har Abuja mutane suna sunsuna ni a mota. Wata mata ta ce in sayar mata guda biyu. A ofis oga na ya buɗe durowa na yana neman burodi."

Baba ya yi dariya har da tari. Mista Bitrus kuma ya ce in ci gaba, wai tunda ya fara aiki ba a taɓa matsa masa wuri a mota da fara'a irin ta ranar ba. Da bangon burodi da ɗakin Hajara na fita marka, ɗigo ɗaya bai taɓa kayan kowa ba. Na rame har wandona yana neman igiya, amma na fita.

Satumba ta yi ruwanta masu nauyi, tamfol ya dawo bakin aikinsa, ni ma haka. Oktoba ta shigo, ruwa ya fara ja da baya. Aka yi kwana goma ba ɗigo. Dawa ta sunkuyar da kai, mutane suna cewa damina ta yi gaba. Ni dai kunnena yana wurin Baba, shi kuwa ya ƙi furtawa. Kullum in ce, "Baba, sama ta yi fari fa." Ya ce, "Na gani, ba makaho ba ne ni." A lokacin kuma ana wahalar man fetur, layin motoci ya kai inda ido ba ya gani, amma wannan bai dame ni ba, tunda ba da mai nake wanki ba.

Ranar wata Asabar Baba zai je ɗaurin aure Tafa. Ya sa babbar rigarsa fara, ta sha bula ta sha sitaci, shi da kansa ya goge ta da zakara, in ya motsa sai ta yi ƙara kamar takarda. Ya shirya tun da wuri amma ya ƙi tafiya, ya zauna a kujera da lema a gefe, wai yana jiran kunu ya faɗa masa. Na san kunun da yake jira. Da hantsi sai ga akori-kura ta taho da buhuna a baya, a buɗe, tamfol a naɗe a kan rufin direba. Baba ya miƙe, ya miƙar da ƙafa ɗaya, ya miƙar da ɗayar, ya rataye lema a ƙusa ya kama hanya. Na juya baya don kada ya ga haƙorana.

Shaida biyu ke nan, tamfol da lema. Na fito da duk abin da ke rumfa. Zannuwan gado, manyan riguna masu sitaci na baje su a kan ciyawa, shat-shat na ma'aikata, da rigunan mawaƙan cocin su Mista Bitrus guda ashirin, farare masu shuɗin wuya, waɗanda za su sa washegari a bikin godiyar kaka. Igiya huɗu na cika, na tokare su da gwafa. Sannan na yi abin da ban yi ba tun Maris. Na ɗauki baho na biyu na gangara rafi, can bayan kwana inda ruwa ya fi kyau, inda ba a hango rumfa.

Zan faɗa muku gaskiya don ku ƙaru. Alamu sun zo mini. Zafin ranar mai danƙo ne, iska ta tsaya cik. Na ga tururuwa suna ɗauke da ƙwai suna hawa tudu. Tsattsewa suna shawagi ƙasa-ƙasa har suna neman taɓa ruwa. Na gan su duka na ce ku yi ta yi, tamfol ya riga ya yi magana. Wata bakwai ina kallon titi, na manta yadda ake ɗaga kai.

Sanyin iska a ƙeyata shi ya sa na waiga. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, ta riga ta cinye rabin sama. Na bar baho da sabulu a wurin na zuba da gudu. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ban tsaya ba. Ina hawowa gangare ina jin ruwan yana tafe a bayana kan kwanonin mutane, ya cim mini, ya wuce ni, ya riga ni isa. Da na kai, gwafa biyu sun faɗi, rigunan mawaƙa suna kwance a jar laka, sitacin manyan riguna yana bin ciyawa fari fat. Ba ɗigo ɗaya ba, ko hankici bai tsira ba. Na kwashe su haka nan na tara a rumfa, na zauna a kan bokiti. Baƙin cikin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa a kan aiki ba. Shekara ta huɗu nake hangowa, ni da gemuna, yaron Baba Tanko.

Ina nan zaune sai ga akori-kura ta tsaya a bakin rumfa, don abin share gilashinta ya daɗe da mutuwa. Yohanna ya shigo a guje yana karkaɗe ruwa. Ya dubi tulin kaya, ya dube ni, ya ce, "Kai, sannu." Ina shirin buɗe baki ke nan sai muka ga wani abu yana tahowa cikin ruwa a hankali, kamar zanen gado da aka jiƙa aka ba shi ƙafa. Baba ne. Ashe ko Tafa bai kai ba, yana tsaye a bakin titi yana jiran motar da ba ta da mai ruwan ya same shi a fili. Babbar riga ta manne masa, hula ta kwanta, bula tana bin ƙafarsa shuɗi har cikin takalmi.

Bai kalli kayan ba, bai kalle ni ba. Kan Yohanna ya yi.

"Kai Yohanna! Ina tamfol?"

Yohanna ya juyo ya dube shi.

"Wane tamfol, Baba?" in ji Yohanna. "Ai kwana biyu ban ga Garam ba. A layin mai na kwana. Da na samu ɗazu sai wani ya ba ni buhuna daga bakin mahaɗa in shigar masa kasuwa."

Na riga na faɗi, ba abin da ya rage mini in rasa. Na miƙe, na rusuna yadda ya kamata, na ce, "Baba, sannu da ruwa. Ya gwiwa?"

Ya daɗe yana kallona, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sannan ya ce, "Ai ka ji. A layin mai ta kwana."

Yohanna bai gane komai ba, yana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya zauna a kujerarsa ya cire hula yana matsewa. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun bara, kuma ba ni na gano ba, Hajara ce ta ga ciwon yana sauya ƙafa. Ya ce, "Kuma kullum kana yi mata sannu." Na ce, "Ai babba ce, Baba." Ruwan ya fara tsagaitawa. Ni dai ina tsaye da takalmi ɗaya ina jiran a yanke mini shekara.

"Ɗauko zakara," in ji shi.

Na zaci rigarsa zai busar. Na ɗauko da hannu biyu, karon farko da na taɓa shi, na miƙa masa.

"Wa ya ce ka ba ni? Riƙe."

Na ce, "Baba, ga kaya can a jiƙe. Sharaɗi fa?"

"Na gan su. Ni ma ga ni a jiƙe, wa zai ƙara mini shekara? Abin da na ɓoye shi ne ƙarshen abin da zan koya maka, ka kuwa sata tun bara. Kuma ba zan zauna rumfa ɗaya da mutumin da zai riƙa kallon gwiwata yana danne dariya ba. Ka nemi wurinka." Ya tuɓe babbar rigar ya jefa a kan tulin. "Ga aikinka na farko, Malam Isiyaku. Kada ka cika bula."

Shekara uku ban ji sunana daga bakinsa da Malam a gaba ba. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin gawayi ne, alhali ko wuta ban hura ba.

Rana ta fito bayan azahar kamar ba ita ba. Na koma rafi na sake wanke komai tun daga farko, Yohanna ya taya ni ɗaukar baho a motarsa. Washegari da sassafe na goge rigunan mawaƙa ashirin da zakara, Mista Bitrus ya karɓa ya sunsuna ya ce ina burodin. Wannan ruwan kuwa shi ne na ƙarshe a shekarar, ko yayyafi ba a ƙara yi ba sai wata bazarar. Sirrin gwiwa bai fita daga rumfar ba har Allah ya karɓi ran Baba, mutane suna gaishe ta har ƙarshe. Abin da na ƙara a kan nasa ɗaya ne. Ko me titi ya gaya mini, sai na ɗaga kai na tambayi sama.

Zakara ga shi can a kan kanta, wanda kuke ajiye caja a bayansa. Yohanna ya daɗe da barin tuƙi, motar ma an yanka ta. Wayarku ta ce yau rana har magariba, na ji ku kuna faɗa. Madalla da ita. Amma kada wanda ya tambaye ni me ya sa kujerata take fuskantar rumfar matar can mai sayar da garin rogo, ko me ya sa ta fara jawo leda tana rufe garinta tun ɗazu.

Wash! Ku tashi ku kwashe shanya, gwiwata ta fara.